Igiyar Mabuɗin Akurki

Sawyer Bend, Alabama
Oktoba

Zuwa ga aminiyata Hortense,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina fama da sanyin Ohio da kika zaɓa wa kanki yau shekara talatin? Yaya gwiwoyi? Yaya aikin ɗakin cin abincin jami'a, har yanzu kina ɗura wa 'ya'yan mutane dankali ba gishiri? Mu nan lafiya lau. Kajina goma sha ɗaya ne yanzu, shaho ya yi gaba da guda. Mun gode Allah.

Bayan gaisuwa, na gode da kika karɓi jikata Renita hannu biyu. Ni Falwaya nake ce mata, amma ke kada ki kira ta haka. Sunan nawa ne. Na raɗa mata shi tana 'yar shekara goma sha biyu, ranar da ta sauko min da tukunya daga saman kabad ba ta taka kujera ba.

Ina so in tuna miki wani abu, don na san kanki da saurin mantuwa idan abin bai yi miki ba. Tana 'yar shekara huɗu uwarta ta rasu ta bar min ita. Marigayi mijina Cleophus ne ya cire wayoyin wani tsohon wilin keke ya kafa mata shi a bishiyar bayan gida, a nan ta koyi ƙwallon kwando. Gilashin tagar kicin ɗina sau uku tana fasa shi. Bara kociyoyi bakwai suka zauna a falona suna shan shayi mai ƙanƙara, kowa yana rantsuwa jami'arsa ta fi. Ni na ce ta je taku, don kina can. Ni na zaɓa. Ki rubuta ki ajiye.

Abin da na roƙe ki shi ne ki ciyar da ita ranar Lahadi bayan an tashi coci. Lahadi na ce. To shekaranjiya ta yi min waya, da na tambaye ta daga ina, sai ta ce daga gidanki. Ranar Laraba, Hortense! Har tana ce min wai burodin masararki akwai daɗi. Na san abin da kike yi, sukari kike zubawa. Uwarki da ke kwance a maƙabartar cocinmu ba ta taɓa sa sukari a burodin masara ba. Wannan ba burodi ba ne, kek ne, kuma da shi ake sace jikokin mutane.

Kin tambaya yaushe zan zo kallon wasa. Ba zan zo ba. Sau biyu na je kallonta tana sakandare, sau biyun aka ci su, na biyun har da targaɗe. Tun daga nan na gane idona bai yi wa ƙwallonta ba. Ko a talabijin aka nuna su, a baranda nake zama in juya baya ina ɓare wake, maƙwabcina Dikin Purvis, mai hidima a cocinmu, ya zauna a falona yana kwarara min sakamako ta taga. Ki yi dariyarki. Tun da na fara haka ba su cika faɗuwa ba.

Ki tabbata tana sa safa biyu. Ki gaida mutanen cocinku.

Taki har kullum,
Ozella Merriweather

Sawyer Bend
Fabrairu

Hortense ƙawata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya tarin da kika ce ya hana ki waƙa a coci? Allah ya sawwaƙe, ko da yake na san 'yan cocin ba su yi asara sosai ba. Nan ruwa ake ta yi, akurkin kaji yana yoyo.

Zan fara da godiya don kada ki ce ban da kunya. Bara da gwiwar Renita ta tsage aka yi mata aiki, wata biyar tana kwance a kujerar falonki. Ke kika riƙa ɗora mata ƙanƙara, ke kika riƙa kai ta asibiti a wannan akwalar motar taki. Ta gaya min ranar da ta jefar da sandunan da take dogarawa ta ce ta bar ƙwallo har abada, kin ɗauko su kin ce ko ta tashi ko ki kira Ozella. Na ji daɗi da har yanzu da sunana ake tsorata ta. Allah ya saka miki. Na faɗa, na gama, kada ki sa in maimaita.

Yanzu mu zo kan ranar Asabar.

Na san ni na ƙi zuwa. Shekararta ta huɗu ke nan, wasanta na ƙarshe a filin jami'a, ranar da ake kiran 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya su fito tsakiyar fili da iyayensu a ba su furanni. Ta aiko min da tikitin bas, ta yi kuka a waya. Na ce mata, Falwaya, kina son tsohuwa a fili ko kina son ku ci wasa? Na mayar da tikitin. Ban yi nadama ba, tun da maki talatin da ɗaya ta ci.

Amma ban ce a cike gurbina ba.

Ina zaune a baranda sai na ji Dikin Purvis ya fashe da dariya har yana dukan kujerata. Ya leƙo ta taga ya ce, “Ozella, ga ƙawarki nan a talabijin, ta kifa kwandon wanki a ka!” Na ce masa hula ce, tun muna 'yan mata haka kike da son babbar hula. Sai na ji mai sanarwa da kunnena yana cewa Renita Merriweather, tare da Mama Tense.

Mama Tense. Mamar wa? Yaushe aka yi wannan naɗin ba a aiko min da kati ba? Shekara goma sha huɗu ina wanke safar yarinyar nan da hannu, ina tsefe mata kai tana ihu, ni Kaka ce kawai. Ke kin yi shekara uku da rabi kina ba ta kek, kin zama Mama a gaban mutum dubu goma sha biyu. A coci jiya mata uku suka tambaye ni ko ke 'yar'uwar uwarta ce. Na ce a'a, ma'aikaciyar kicin ce mai kirki.

Ki yafe min wannan. Amma na faɗa, kuma na ji daɗin faɗa.

Wata mai zuwa za a fara gasar jami'o'in ƙasa. Ki rage mata maiƙo.

Ni ce,
Ozella

Sawyer Bend
Afrilu

Hortense,

Ina fata kina lafiya, kin kuma huce gajiyar tafiya da gajiyar shiga hoto. Mu nan har yau ba a daina buga ƙararrawar coci ba.

Zakarun ƙasa! 'Yata! Ba zan ɓoye miki ba, waken da na ɓare ranar ya isa a ciyar da gari. Dikin Purvis muryarsa ta dishe tun kafin a je hutun rabin lokaci. Can wajen ƙarshe sai na ji shiru, irin shirun da ba na so. Na ce, Purvis, ko ka mutu ne? Ya ce ana bin su maki ɗaya, saura daƙiƙa huɗu, an doke hannun Renita, an ba ta jifa biyu. Na ce ta ja kunnenta? Ya ce ta ja, na hagu. Kin san duk sanda za ta yi irin wannan jifan sai ta ja kunnen hagu, 'yan jarida suna ta tambayar dalili. Kunnen nan ni na saba mata da jansa. Ta jefa na farko ya shiga. Ta jefa na biyu, sai na ji kujerata ta karye a ƙarƙashin Dikin.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Dikin ya bayyana min cewa idan aka ci kofi ana kawo tsani da almakashi, kowace 'yar wasa ta hau ta yanki rabonta daga ragar kwandon. Ya ce wannan ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa, wanda ya fi kowa a zuciyar mutum shi ake kai wa. Na ce masa to madalla, bari in share wuri a kabad.

Washegari jarida ta fito. Ga tsani, ga Falwaya ta sauko, hannunta a dunƙule, ta sunkuya ta rungume wata mata mai kwandon wanki a ka tana yi mata raɗa a kunne. Matar tana kuka. Na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Ke ce.

Na jira ɗan aike. Ranar Juma'a ƙunshi ya iso. Riga guda, da hula mai baki an rubuta zakaru a gabanta, da 'yar takarda: “Kaka, naki ne.” Na zazzage kwalin, na leƙa ƙarƙashin tebur. Babu raga. Hular ma duk gumi, har da wata ƙazamar guntuwar igiya an ƙulla a maɗaurinta na baya, ina jin da ita aka rataye hular a shago. Na kwance ta, na wanke hular tas kafin in nuna wa mutane. Igiyar dai ta yi amfani, don wayar da nake rataye mabuɗin akurki da ita ta yi tsatsa. Ga rabon da Ozella ta samu daga kofin ƙasa: hula irin wadda Dikin ya ce ana sayarwa a kowane gidan mai, da igiyar mabuɗi.

Ba zan tambayi yarinyar ba. Ban taɓa roƙon ta komai ba, ba kuma zan fara da abin da ya kamata ta kawo da kanta ba. Ke nake tambaya, don ke babba ce, kin san abin da ya dace. Ragar nan daga bishiyar bayan gidana ta faro. Ki sa ta a ambulan ki aiko min, in ya so mu ce an yi kuskuren adireshi, ba mai ji.

Ina jira.

Ozella

Sawyer Bend
Satumba

Zuwa ga Hortense Gaddy,

Gaisuwa. Renita ta ce min kin faɗi a banɗaki kin karya ƙugu, kin kuma bar aiki. Allah ya ba ki lafiya. Da gaske nake.

Shekara takwas ke nan ban rubuto miki ba, kin san dalili. Wasiƙarki tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, layi ɗaya tal: “Abin da ya shiga tsakanina da Renita ranar nan, tsakanina da ita ne.” Na karanta ta ya fi sau ɗari, ba ta ƙara tsawo ba. Yarinyar ce ta matsa min in gaishe ki. Ta ce ba ta gane abin da ya haɗa mu ba. Na ce mata rigimar sukari ce.

Labarinta ba sai na ba ki ba, amma zan bayar, don nawa ne. Ranar da ƙungiyoyin ƙwararru suka zaɓi sababbin 'yan wasa, ita ce ta biyu da aka kira a duk ƙasar. Ta biyu! Har yau ina neman wadda aka kira ta farko, Dikin ya ce tana sayar da gidaje a wani gari. Tun daga nan yarinyar ba ta san hutu ba. Da zafi tana wasa a nan, da sanyi ta tsallaka teku: Italiya shekara uku, sannan Turkiyya, har da wata ƙasa da ta ce gashin hancin mutum yana daskarewa. Ta dawo min da man zaitun, da darduma da ba na bari kowa ya taka. Makon jiya suka ci kofin ƙwararru, aka ce ita ce gwanar gasar. Dikin Purvis ya tsufa, yanzu sai an jefa ƙwallo da minti guda yake sanar da ni, amma muna nan a bakin aikinmu, ni a baranda, shi a taga.

Na ɗauka katunan da take aiko min daga ƙasashen nan nawa ne ni kaɗai. Sai da ta zo Kirsimeti bakinta ya suɓuce, ta ce bibbiyu take saye. Iri ɗaya, Hortense! Hoton hasumiyar nan da ta karkace da na manna a firij ina nuna wa baƙi, ashe akwai ɗan'uwansa a firij ɗinki. Na cire nawa na kwana biyu, sannan na mayar, don wurin ya yi fari.

Duk sanda ta zo takan tsaya gaban kabad ta kalli hular, ta kalle ni, ta yi murmushi. Ni ma in yi mata. A raina ina cewa, yi murmushinki, na san inda kika kai na gasken.

Ba na roƙon ki kuma. Amma mu duka mun haura saba'in. Idan kina rubuta wasiyya, kin san abin da ba naki ba.

Ki riƙa cin abinci ko ba kya so. Ki yi tafiyar da likita ya ce, kada in sa Renita ta ce za ta kira Ozella.

Ozella Merriweather

Sawyer Bend
Afrilu

Hortense, aminiyata, 'yar'uwata, muguwa,

Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don an ce idonki ya yi rauni. Ina gaisuwa. Yaya gidan tsofaffin, suna kula da ke? Suna sa gishiri a dankali, ko alhakin 'ya'yan mutane ne ya kama ki? Ni ina nan, shekara tamanin da huɗu, kaji shida. Dikin Purvis ya rasu bara, na san an gaya miki. Tagar ta yi shiru.

Kin riga kin ji an zaɓi Renita za a sa ta a Zauren Gwanayen ƙwallon kwando. Shekara goma sha huɗu tana wasan ƙwararru, kofi uku, gwiwa biyu da aka yi wa aiki, yanzu za a kafa sunanta inda ba mai cirewa. Abin da ba ki ji ba shi ne abin da ya faru a kicin ɗina ranar Asabar. Ki zauna da kyau.

Ta zo da kanta, ta ci kaza rabi, sannan ta ce mutanen Zauren suna son wani abu nata da za su sa a akwatin gilashi. Ta ce, “Kaka, ki ara min ragar nan, za su kula da ita.” Na ajiye cokali. Shekara goma sha tara ina jiran wannan ranar. Na ce, “Ki je Ohio ki tambayi Mamarki.” Ta ce wace Mama? Na ce mai kek. Ta kalle ni kamar na fara ruɗewar tsufa, ta ce, “Kaka, wadda na ƙulla miki a bayan hula. Na ɗauka tana cikin Littafinki.”

Ki ji, Hortense. Na tashi, na je bakin ƙofa, na zaro mabuɗin akurki daga ƙusa, na ajiye a gabanta. Igiyar ta yi baƙi ƙirin, man girki, dusar kaji, da wani abin da ba zan rubuta ba. Ta ɗaga ta, ta juya ta, ta ga irin saƙar. Sai mace mai tsawon ƙofa, gwanar ƙasa, ta zame daga kujera ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har numfashinta yana ɗaukewa. Daga baya dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta. Ni da na ɗauka raga za ta zo kamar ta kamun kifi! Wa ya ce min ɗan guntu kamar yatsa ake yanka? Shekara goma sha tara, safe da yamma, tana hannuna, ina zagin ki ina buɗe wa kaji da ita.

Sannan ta ba ni labarin hoton jarida. Ta ce da ta sauko daga tsani ke kika miƙa hannu kika ce ta ba ki. Ita kuma ta rungume ki ta ce, ki yi haƙuri Mama Tense, wannan na Kaka ne. Kukan da na gani a jarida ke nan.

Ashe ke ma! Kin san sarai tana gidana, kin ga wasiƙata ina roƙon abin da ke rataye a ƙusata, kika rubuto layi ɗaya kika bar ni ina dahuwa. Na so in yi fushi, sai na tambayi kaina abin da zan yi da ni aka hana a gaban dubban mutane, bayan wata biyar ina ɗora ƙanƙara. Da ko layi ɗayan ba za ki samu ba.

Da yamma ta kunna min wasan nan na ƙarshe. Ban taɓa gani ba. Na ce mata kashe, idona zai sa ki zubar. Ta ce, “Kaka, an gama wasan nan tun ina da gwiwa.” Duk da haka da ta ja kunne na rufe ido ɗaya. Ya shiga, Hortense, duka biyun, ina kallo. Ashe haka take gudu. Ashe haka take tashi sama. Ke kin ga wannan shekara huɗu da idonki, ni ina ɓare wake. Wannan kam ban yafe miki ba, kuma ba laifinki ba ne.

Na ce wa mutanen Zaure su ɗauki hular da wilin keken Cleophus, yana nan a bishiya. Igiya ba za su samu ba. Bikin a watan Satumba ne, kuma zan je, tun da ba wasan da za a faɗi. Renita za ta biyo ta ɗauke ki da keken guragun naki. Kujerunmu a jere suke, na tambaya. Idan ta ambaci sunanki kafin nawa, ki shirya jin tari mai ƙarfi. Kada ki sa hular nan.

Ki zazzage ambulan ɗin a hankali, akwai abu a ciki. Da almakashin ɗinkina na raba ta biyu. Kada ki bari ma'aikatan nan su ɗauka shara ce su zubar, irin wannan kuskuren yana faruwa. Kada kuma ki wanke.

Na auna kafin in yanka. Nawa ya fi naki tsawo da kaɗan.

Taki, tun muna 'yan mata,
Ozella